Abubuwan Rufe Taga da Amfanin Kowannensu

Taga ita ce hancin ɗaki, domin ta nan yake shaƙar iska. Amma fa hanyar da iska take bi, ita sauro yake bi, haka ƙura da idon mai wucewa. Saboda haka nake so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu bayanin abubuwan da ake rufe taga da su a nan Birnin Kudu da Gwaram, da aikin da ya dace da kowannensu.

A tsofaffin gidajenmu na ginin ƙasa, taga 'yar ƙarama ce, can sama kusa da rufi. Magina na da sun yi haka ne don sutura da tsaro. Idan sanyi ya matsa, sai a cusa tsumma a toshe ta. Da ginin bulo da rufin kwano suka yawaita, sai tagogi suka yi faɗi suka sauko ƙasa, ya zama dole a nema musu marufi.

Na farko shi ne asabari, wanda ake saƙawa da siraran kara. An fi rataya shi a ƙofa, amma yana yi wa taga ma. Yana tare hasken rana, iska kuwa tana ratsa shi. Da rana na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki. Ga shi da araha. Aibinsa dai ba ya hana sauro.

Na biyu labule. Yawancin yadin da teloli suke ɗinka shi da shi daga Kantin Kwari ta Kano ake saro shi. Labule mai kauri yana maganin rana da ido, marar kauri yana barin haske ya shigo. Amma yana tara ƙura, sauro kuma yana maƙalewa a bayansa da rana. Ya kamata a riƙa kakkaɓe shi, a wanke shi a kai a kai, kada kuma a ajiye fitila ko kyandir kusa da shi.

Na uku ƙyauren taga, na katako ko na ƙarfe. Shi ne maganin ɓarawo da feshin ruwa. Na katako gara tana cinsa, na ƙarfe kuma yana ɗaukar zafin rana ya juye a ɗaki. Kowannensu idan aka rufe shi, an rufe iska da haske gaba ɗaya.

Na huɗu gilashi. Akwai mai falle-falle da ake karkatawa, akwai wanda ake turawa gefe. Yana hana ƙura ba tare da ya hana haske ba, sai dai tsada da saurin fashewa.

Na biyar raga, wato wayar sauro da kafinta yake bugawa a jikin taga. A ganina ita ce uwa a cikinsu, ko da yake ita aka fi mantawa da ita. Dalilina shi ne ita kaɗai take barin iska ta shiga, ta tsayar da sauro a waje.

To, me ya sa wannan magana ta wuce ta ado? Mu dubi shekararmu. Da damina sauro yana yawa, musamman kusa da fadamu da kududdufai. Tun 1897 wani likita Bature, Ronald Ross, ya gano ƙwayar zazzaɓi a cikin sauro, kuma mai kawo cutar da dare yake cizo. Da bazara kuwa, wajen Maris da Afrilu, zafi yake tsananta, lokacin sanƙarau ke nan. Cuta ce mai yaɗuwa ta numfashi, ta fi samun dama inda mutane suka cunkushe a ɗakin da babu iska. A 1996 ta kashe mutum fiye da 10,000 a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. Wanda ya garƙame taga don tsoron sauro, ya gudu daga wata cuta ne ya tari wata. Da hunturu ma akwai haɗari. Wasu sukan rufe ko'ina su kwana da kaskon gawayi, alhali gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, takan kashe mutum cikin barci.

Shawarata ita ce a haɗa uku a kowace taga: raga a tsakiya, ƙyaure daga waje, labule ko asabari daga ciki. Tagar gabas ta fi bukatar ƙyaure mai ƙarfi, domin daga can hadari ya fi tasowa. Ta yamma tana son labule mai kauri saboda ranar la'asar. Idan hali bai kai ba, a fara da raga, sauran su biyo baya. Ba kuma ta hana a ɗaura gidan sauro.

Mu ɗalibai muna da namu aikin. Idan mun je hutu mu duba tagogin gidanmu, mu ɗinke ragar da ta yage, mu buɗe ɗakunan ƙannenmu su sha iska. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.