Muhawarar Luwaɗi da Maɗigo a Gana: Inda Ta Shafi Gidajenmu na Zango

Duk wanda ke zama a majalisar shayi a Nima ko Maamobi tun daga 2021 ya ji wannan muhawara har ya gaji. Ta kunno kai ne a Janairun shekarar, sa'ad da ƙungiyar LGBT+ Rights Ghana ta buɗe ofis a Ashongman, 'yan sanda kuma suka rufe shi a Fabrairu. Ba a jima ba Sam George, ɗan majalisa mai wakiltar Ningo-Prampram, da abokan aikinsa bakwai suka gabatar da ƙudirin doka.

Ran 28 ga Fabrairun 2024 majalisar dokoki ta amince da shi ba hamayya. Ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3 ga wanda ya bayyana kansa ɗan luwaɗi ko 'yar maɗigo, da shekara 5 ga mai tallata al'amarin. Nan da nan Ma'aikatar Kuɗi ta yi kashedin cewa ƙasar na iya rasa dala biliyan 3.8 daga Bankin Duniya. Shugaba Nana Akufo-Addo ya ce sai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan ƙararrakin da aka shigar. Kotun ta yi watsi da su ran 18 ga Disambar 2024, amma wa'adin majalisar ya ƙare bai sa hannu ba, ƙudirin ya faɗi. A 2025 wasu 'yan majalisa suka sake shigar da shi.

Abin da da yawanmu ba su lura da shi ba shi ne, Gana ba ta taɓa amincewa da auren jinsi ɗaya ba. Aure iri uku dokarta ta sani: na gargajiya, na kotu ko coci, da na Musulunci, duka tsakanin namiji da mace. (Dokar auren Musulmi ta 1907 ta ce a yi rajista cikin mako guda da ɗaurawa. Mu da ke kururuwar kare aure, nawa ne cikinmu suka yi?) Luwaɗi kuwa laifi ne tun a sashe na 104 na dokar manyan laifuffuka ta 1960, wanda Kotun Ƙoli ta tabbatar a Yulin 2024. Ashe gardamar a kan faɗaɗa hukunci take, ya kai ga mai furtawa da mai goyon baya.

Matsayin addininmu a fili yake, kuma ofishin Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya mara wa ƙudirin baya, kamar yadda manyan majami'un Kirista suka yi. A ɗaya gefen, lauyoyi da malaman jami'a, cikinsu har da Farfesa Audrey Gadzekpo, sun ce ya keta 'yancin faɗin albarkacin baki da na taro waɗanda tsarin mulkin 1992 ya kare. Kadina Peter Turkson ma ya shaida wa BBC a 2023 cewa bai ga dalilin mai da waɗannan mutane masu laifi ba.

Damuwarmu tana kusa da gida. A Agustan 2015, a nan Nima, wasu samari 'yan sa-kai da ke kiran kansu Safety Empire suka yi wa wani mutum dukan kawo-wuƙa bisa zargi kawai. Ƙungiyar Human Rights Watch ta rubuta labarin a rahotonta na 2018. A Bauci, jim kaɗan bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar Nijeriya a Janairun 2014, taron jama'a ya yi ta jifan kotu ana cikin shari'a, sai da aka ɗage zaman.

Daftarin 2021 ya ɗora wa wanda ya san an aikata laifin nauyin kai rahoto. To, mu dubi gidajenmu na haya, inda iyali goma ke layi a famfo ɗaya, bango kuma ba ya riƙe sirri. Mai gida da ke neman korar ɗan haya, kishiyar da ke da ƙullin zuciya, wanda ake bi bashi ya ƙi biya, kowannensu ya sami makami mai arha. Saurayin da muryarsa ke da taushi, ko budurwar da ta daɗe ba ta yi aure ba, kalma guda ta isa ta ɓata musu suna har abada, iyayensu kuma su kasa ɗaga kai a masallaci.

Malamanmu sun karantar da mu cewa Suratul Hujurat ta hana mugun zato da binciken asirin mutane, Suratun Nur kuma ta ɗora bulala 80 kan mai ƙazafin da bai kawo shaidu huɗu ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, jifan mutum da luwaɗi ya shiga wannan hukunci, kuma zartar da haddi aikin hukuma ne ita kaɗai. Don haka idan irin wannan magana ta tashi a gida, uba ya hana 'ya'yansa yayata ta a WhatsApp, ya kai ta ga liman a asirce kafin ta isa dandalin samari. Wanda kuma ke ganin ƙudirin ya ba shi lasisin ɗaga sanda, ya sani daftarin 2021 ɗin da kansa ya tanadi ɗauri ga duk wanda ya zagi ko ya doki wanda ake zargi.