Takunkumin fuska da ƙurajen da yake jawowa: A duba ƙyallen kafin a sayi man shafawa



Da yawa daga cikinmu ba mu saba da takunkumin rufe baki da hanci ba sai a shekarar 2020, bayan an samu mutum na farko mai cutar korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu, aka kuma wajabta sanya shi a cikin jama'a. Annobar ta lafa, dokar ta kau, amma takunkumin yana nan. Ma'aikatan asibiti da shi suke wuni. Haka 'yan acaɓa da masu Keke da ke kare kansu daga ƙura da hayaƙi, da masu aiki a injin niƙa, da kafintoci, da masu jinyar mai tarin fuka. A Fatakwal, baƙar tokar da ta fara sauka a gari tun ƙarshen 2016 ta koya wa mutane rufe hanci tun kafin korona. Idan hunturu ya kama kuwa, masu asma ba su da zaɓi. Sai kuma 'yan uwana mata masu niƙabi. Niƙabi ba takunkumi ba ne, amma abin da ke samun fatar da ke ƙarƙashinsa kusan ɗaya ne, don haka bayanin nan ya shafe ku.

Ƙorafin da ake kawo mana a kantin magani bai cika sauyawa ba: ƙuraje a haɓa da kumatu, ƙaiƙayi, raɗaɗi a karan hanci, gyambo a bayan kunne, sai baƙin tabo da ke biyo baya. Kuma kusan kowa da buƙata ɗaya yake zuwa, a ba shi mai da zai shafa. Sau tari abin da ya kamata a fara gyarawa shi ne ƙyallen da yadda ake amfani da shi, domin man da aka fi saye saboda wannan matsala shi ne ya fi ɓata fuska. Zan zo kansa.

Duk numfashin da kuka fitar yana ɗauke da ɗumi da danshi, takunkumi kuma yana tsare su a kan fata. Ku haɗa da gumi, musamman a garuruwa irin Legas da Ibadan inda iskar kanta a jiƙe take. Fatar da ta daɗe cikin danshi takan yi laushi, kamar yadda yatsu ke yi idan an daɗe ana wanki, kuma a wannan hali ƙaramar guga ma tana yi mata rauni. Ga shi duk maganar da mutum ya yi, ƙyallen sai ya motsa ya goge ta. Maiƙon fuska da matattun ƙwayoyin fata su taru su toshe ƙofofin gashi, ƙwayoyin cutar da dama can suna zaune a kan fata su samu wurin yaɗuwa. Daga nan ƙuraje ke fitowa, har ga wanda ya rabu da su tun ƙuruciya.

Sai dai ba duk abin da ya fito a ƙarƙashin takunkumi ne ƙurajen fuska ba, kuma bambancewar tana da amfani, don maganin wannan yana iya tsananta wancan. Ƙurajen fuska suna da kai, fari ko baƙi, wasu da ɗan ruwa, ba su cika ƙaiƙayi ba. Idan kuwa fata ta bushe, tana zafi kamar an shafa barkono, tana saɓa, kuma daidai inda bakin takunkumin ke taɓawa, wato karan hanci da saman kumatu da bayan kunne, to guga ce da danshi suka cinye ta. Wanda ya shafa maganin ƙuraje a irin wannan wuri ya ƙara wa wuta fetur.

Akwai kuma wanda jikinsa ne bai karɓi wani abu da ke cikin takunkumin ba: robar igiyar kunne, ko wayar ƙarfen da ake lanƙwasawa a hanci, ko rinin yadin. Alamar wannan ita ce ƙaiƙayi mai tsanani, wani lokaci da ƙananan ƙuraje masu ruwa, kuma ba ya fitowa nan take, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Shi ya sa mutane ba su cika zargin takunkumin ba, sai su ɗora laifin a kan abinci. Ku lura da siffar wurin. Idan ya bi layin igiya ko ya tsaya daidai inda wayar take, an gano ɓarawon. A sauya zuwa mai igiyar yadi da ake ɗaurewa a ƙeya.

A nan ina da magana da uwargida. Turaren wuta da humra abin alfaharinmu ne, amma turare yana cikin abubuwan da suka fi tayar da ƙaiƙayin fata. Niƙabin da aka turara ko aka fesa wa turare zai wuni manne da fuska mai gumi. A turara sauran kaya, a bar wanda zai taɓa fuska. Haka sitati da bula da ragowar omo da ba a ɗauraye sosai ba.

Yanzu ga batun man. A kasuwa da kemis-kemis akwai mayukan da ake kira masu aiki uku, waɗanda ake miƙa wa duk wanda ya ce fatarsa na ƙaiƙayi. Ku juya kwalin ku karanta. Za ku ga an haɗa maganin bakteriya kamar Gentamicin ko Neomycin, da maganin fungas kamar Clotrimazole ko Miconazole, sannan da sinadarin sitiroyid, galibi Betamethasone ko Clobetasol. Wannan na ƙarshen yana cikin mafi ƙarfin sitiroyid da ake shafawa a fata. Likitocin fata suna ba da shi ne don cututtuka masu taurin kai a wuraren da fata ke da kauri, na ɗan lokaci, suna kuma bibiya. Fatar fuska siririya ce, tana shan magani fiye da ta hannu ko ƙafa, kuma idan aka rufe ta da takunkumi shan yana ƙaruwa.

Abin da ya sa man ke da farin jini shi ne yana aiki da sauri. Cikin kwana biyu ko uku ƙaiƙayi ya kwanta, fuska ta yi sumul, har ta ɗan yi haske, ƙawaye su fara tambayar sirrin. Da an daina, sai abin ya dawo da zafin da ya fi na farko, sai a koma. Haka ake shiga tarkon. Bayan makonni ko watanni fata ta yi siriri, ƙananan jijiyoyin jini su bayyana, wasu sababbin ƙuraje masu kama da juna su feso a kewayen baki da hanci, gashi ya fara tsirowa a kumatun mace, launin fuska ya rabu biyu. Idan kuma asalin matsalar makero ne, sitiroyid zai ɓoye kamanninsa yana ci gaba da yaɗuwa, har likita ma ya sha wuyar gane shi. Shi kansa Neomycin sananne ne wajen jawo ƙaiƙayi ga wasu mutane. A ganina bai kamata a sayar wa kowa irin wannan mai don fuska ba sai da takardar likita, kuma mu masu sayar da magani mu ne ya kamata mu fara cewa a'a.

Wanda ya riga ya daɗe yana shafawa, ya je wurin likitan fata a tsara masa yadda zai rabu da shi. Ya kuma sani cewa fuskar za ta yi bore na wasu makonni kafin ta lafa. A wannan tsakanin ne mutane da yawa ke karaya su koma gidan jiya. Masu shafa man bilicin su ma su sani da yawansu akwai wannan sitiroyid ɗin a ɓoye, shi ya sa fuskarsu ta fi saurin ƙonewa a ƙarƙashin takunkumi.

To me za a yi? A fara da ƙyallen. Takunkumin asibiti, shuɗin nan, na amfani sau ɗaya ne. Ba a wanke shi, ba a cusa shi a aljihu ko a rataye a madubin mota a sake ɗauka gobe. Da ya jiƙe ko ya yi datti, aikinsa ya ƙare, ko da awa biyu kawai ya yi. Na san kuɗi ne, kuma ga wanda ƙura kawai yake gudu, na yadi ya fi sauƙi: a tanadi uku ko huɗu, wanda cikinsa auduga ce mai laushi, a riƙa sauyawa a wuni, a wanke kullum da ruwan zafi da sabulu marar ƙamshi, a ɗauraye sosai, a shanya a rana, a goge. Yadin roba mai santsi yana riƙe zafi da gumi. Haka niƙabi: guda ɗaya ba zai yi mako ba. Kada takunkumi ya matse har ya bar shaida a fuska, kada kuma ya yi sako-sako yana yawo, don wannan ma guga ce.

Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ba da shawarar a cire takunkumi na minti 15 bayan kowace awa huɗu, a wurin da babu cunkoso. Mu kam lokutan salla sun ba mu wannan hutu a sauƙaƙe. Kuskuren da ake yi shi ne mayar da takunkumi a kan jiƙaƙƙiyar fuska bayan alwala. A bari ta bushe tukuna, in da hali a ɗauko wani sabo.

Wanke fuska da sabulu sau biyu a rana ya isa, da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu mai laushi, da tafin hannu. A bar soso. A bar sabulun da aka rubuta yana kashe ƙwayoyin cuta, da sifirit, da lemon tsami, da man goge baki da wasu ke ɗigawa a kan ƙurji. Dukkansu ƙona fata suke yi, kuma a fatarmu ta baƙaƙe duk inda ya ƙone ko aka matse, baƙin tabo yake bari, wanda kan yi watanni bai gushe ba. Sau da yawa tabon ya fi ƙurjin daɗewa da damun mai shi. Bayan wanka a shafa mai marar nauyi kuma marar turare, a ba shi kamar rabin awa kafin a rufe fuska. Man kaɗe da basilin suna da kyau ga leɓe da bayan kunne da wurin da ya bushe, amma mai fuska mai maiƙo kada ya lafta su a kumatu da haɓa a garin zafi. Hoda da fandeshan kuwa, a hutar da su a inda takunkumi zai rufe. Ba mai ganin wurin, ƙofofin fata kawai suke toshewa.

Ma'aikatan lafiya masu sanya N95 lamarinsu daban ne, domin amfaninsa yana cikin matsewar, ba za a ce su sassauta ba. Kada su shafa basilin a inda bakinsa ke zama, yana iya hana shi kamawa da kyau. Su bar shafe-shafen sai an tashi daga aiki, lokacin ne man da ke da Zinc oxide, irin wanda ake shafa wa jarirai don ƙunar nafkin, zai taimaka wa karan hanci.

Idan ƙurajen fuska ne na gaske, Benzoyl peroxide mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari yana aiki. A shafa kaɗan da daddare, a fara da tsallake kwana ɗaya, a kuma kula yana koɗar da launin yadi. Yana ɗaukar mako shida zuwa takwas kafin a ga canji, don haka wanda ya watsar da shi a mako na biyu bai gwada shi ba. Mai juna biyu ko mai neman haihuwa ta nisanci Tretinoin da Adapalene da ƙwayar Doxycycline, kuma ta faɗa wa mai ba ta magani halin da take ciki ko bai tambaya ba. Don ƙaiƙayi, ƙwayar Loratadine ko Cetirizine takan sauƙaƙa. Direbobi da 'yan acaɓa su guji Chlorpheniramine da rana, tana sa barci. Hydrocortisone mai kashi 1 cikin ɗari shi ne sitiroyid mai sauƙi da akan yarda da shi a fuska, shi ma da shawarar likita, na 'yan kwanaki da ba su wuce mako ba, kuma ba a kan ƙuraje ba.

Yara 'yan ƙasa da shekara biyu ba a sanya musu takunkumi kwata-kwata, saboda haɗarin toshewar numfashi. Waɗanda suka fi haka, a riƙa duba nasu, domin yaro yakan jiƙa shi da miyau da majina ya ci gaba da yawo da shi. Idan kuka ga gyambo mai ɓawon ruwan zuma a gefen hanci ko baki, ciwo ne na bakteriya mai saurin yaɗuwa tsakanin yara, yana buƙatar maganin asibiti, a kuma raba masa tawul.

A tafi asibiti ba tare da jira ba idan leɓe ko ido ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko wurin ya yi zafi yana fitar da mugunya tare da zazzaɓi. Mai ciwon suga kada ya raina ko ƙaramin gyambo a bayan kunne. Maruru a hanci ko leɓen sama ba a matse shi, domin jijiyoyin jinin wurin suna da hanya zuwa cikin kai. Wanda kuma ya gyara takunkuminsa, ya bar shafe-shafe, amma mako biyu suka wuce ƙaiƙayi bai ragu ba, ya nemi likitan fata. Asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya galibi suna da sashensu. Ranar zuwa, a tafi da takunkumin da duk mayukan da aka shafa a cikin kwalayensu, har da wanda ake jin kunyar nunawa.