Yadda Ake Kyautata Hoton Tsohuwar Kwamfuta A Kan Kaset Ɗin Bidiyo

A shekarun 1980 an yi yayin waɗansu ƙananan na'urori masu ƙwaƙwalwa da ake jonawa da akwatin talabijin na gida, irin su Commodore 64 ta Amurka da ZX Spectrum ta Ingila, waɗanda suka fito a 1982. Wanda ya so adana abin da suke nunawa yakan ɗauke shi a kaset ɗin VHS, wanda kamfanin JVC na Japan ya fito da shi a 1976. Amma sau da yawa hoton kan fito dishi-dishi, launuka su cakuɗe, rubutu ya ƙi karantuwa.

Babban dalili shi ne hanyar da hoton yake bi. Idan ta wayar eriya aka haɗa, sai kwamfutar ta mai da hoton kamar na tashar talabijin, sa'an nan na'urar bidiyo ta sake warware shi, kuma a nan kyansa yake raguwa. Saboda haka gara a bi ta wayar hoto kai tsaye. Yawancin Commodore 64 ma sukan fitar da haske daban, launi daban, kuma na'urar S-VHS ta 1987 tana karɓarsu a haka. Tana riƙe layukan hoto kimanin 400, alhali VHS 240 kawai.

Abu na biyu shi ne tsarin talabijin. Nijeriya ta bi tsarin PAL mai layi 625, Amurka kuwa NTSC mai 525. Idan tsarin ya saɓa, hoton kan rasa launi ko ya dinga rawa.

Bugu da ƙari, a yi ɗaukar a gudun SP, a kan sabon kaset, bayan an share kan na'urar. A wurare kamar Giyawa da Goronyo da Wurno da Rabah, ƙurar hunturu da zafin bazara suna saurin lalata kaset. A kuma guji yin kwafi daga kwafi, domin kowane kwafi yana rage kyan hoto, matsalar da masu shirya fim a Kano suka sha fama da ita bayan fitowar Turmin Danya a 1990.

Kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe, ya daina ƙera na'urar bidiyo a 2016. To, duk mai kaset na asali ya hanzarta juye shi cikin kwamfutar zamani, tun na'urar kunna shi tana da rai.