Jan remok da mota: yadda za mu kai kaya gida lafiya

Ƴan uwa manoma da makiyaya, idan kaka ta yi, hanyoyinmu sukan cika da kaya. Daga Galmi albasa na fitowa, daga karkarar Maraɗi da Damagaram gero da wake na nufar kasuwa. A yau mutane da dama, da ƙungiyoyin manoma, suna ɗaura remok a bayan mota madaidaiciya, irin wadda muke ce wa kat-kat, domin su ɗauki kayan da cikin motar ba zai ci ba. A ƙasashe kamar Amurka da Faransa har ɗakin kwana mai ƙafafu ake ja da irin wannan mota. Ko ɗaki ne, ko buhuna ne, ƙa'idar ɗaya ce. Mun sha ganin remok kife a bakin gudron, hatsi a warwatse, wani lokaci har da rai. Saboda haka bari mu duba abin da ya kamata mai mota, da direba, da mai kaya su sani.

Kowace mota tana da iyakarta

Ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Haka ma mota. Kamfanin da ya ƙera ta ya rubuta nauyin da za ta iya ja a cikin littafinta. Lamba biyu ce: ɗaya ta remok mai birkin kansa, ɗaya ta remok marar birki. Ta biyun ƙarama ce ƙwarai. A ƙasashen Turai doka ta hana remok marar birki ya wuce kilo 750, shi da kayansa duka. Wannan ya shafe mu, domin remok da yawa da masu walda ke haɗawa a garuruwanmu ba su da birki.

Ga yadda ake lissafin. A ce remok marar birki yana da kilo 250 babu kaya. Idan aka cire 250 daga 750, saura 500. Ke nan buhu 5 ne na gero mai kilo 100, ko buhu 10 na siminti mai kilo 50. Idan kuwa remok mai birki ne, kuma littafin mota ya ce kilo 2000, shi remok ɗin yana da kilo 500, to kayan da za a zuba kada su wuce kilo 1500, wato buhu 15. Mu tuna kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tano mai lita 200 ya kai nauyin buhu biyu na gero.

Mota tana iya tashi da kayan da suka fi ƙarfinta. Amma tashi daban, tsayawa daban. Ranar da yaro ko saniya ta faɗo hanya, a ranar ne za a gane birki ba zai iya riƙe nauyin ba.

Yadda ake shirya kaya

Mai amalanke ya san wannan darasi tun tuni. Idan kaya suka yi yawa a baya, amalanke yakan ɗaga jakin sama. Idan suka yi yawa a gaba, sukan danne masa baya. Remok ma haka yake.

Mu raba kayan kashi goma. Kashi shida su zauna gaba da ƙafafun remok, wato wajen mota, kashi huɗu a baya. Masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. Dama da hagu su yi daidai. Idan an shirya da kyau, kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin duka zai sauka a kan ƙugiyar mota. Remok mai kilo 1000 zai danna ƙugiya da kimanin kilo 100, nauyin buhu guda. Amma ita ma ƙugiyar tana da iyakar da aka rubuta mata, kada a wuce ta.

Me ya sa wannan ke da muhimmanci? Idan nauyi ya taru a baya, remok yakan fara kaɗa wutsiya, dama da hagu, har ya juya motar. Idan kuma ya taru a gaba da yawa, bayan mota zai durƙushe, gabanta ya ɗaga. A nan tayoyin gaba ba su kama ƙasa sosai, sitiyari ya yi sako-sako, fitilu su haska sama su kashe wa masu zuwa ido. Kafin a tashi, mu ja da baya mu dubi mota da remok daga gefe. Ya kamata su miƙe sambal kamar layi ɗaya.

A ɗaure kowane kaya da igiya mai ƙarfi. Buhun da ya zame a hanya yana lalata duk shirin da aka yi. Tanon ruwa a cika shi, domin ruwan da bai cika ba yana tangaɗi yana tura remok. Dabbobi a ɗaure su yadda ba za su taru gefe guda ba. Abu mafi girma: remok ba wurin zaman mutum ba ne. Ko mai kaya, ko karen mota, ko yaran da ke neman a rage musu hanya, kada kowa ya hau.

Dubawa kafin tashi

Na farko, ƙugiya. Bakin remok ya zauna daram a kan kan ƙugiya, a kulle shi, a sa masa fil. Girman su ya zama ɗaya. Ƙusa ko guntun ƙarfen gini ba su maye gurbin fil na ainihi.

Na biyu, sarƙa. A ɗaura sarƙa biyu daga remok zuwa jikin mota, a gitta su ƙarƙashin bakin remok. Idan ƙugiya ta kwance, sarƙar za ta tallafe shi, ba zai caki ƙasa ba, ba kuma zai gudu shi kaɗai cikin jama'a ba. A bar mata ɗan saki saboda kwana, amma kada ta ja ƙasa.

Na uku, tayoyi. A auna iska da safe, tun taya bai yi zafi ba. Tayan da ba shi da isasshiyar iska yana zafi ya fashe, balle a kan gudron lokacin bazara. Tayan da ya tsattsage saboda rana a canza shi, ko da zanensa bai cinye ba. A ɗaure notuna, a sa giris a boris, a ɗauki safaya da jak da waigi.

Na huɗu, fitilu. Mutum ɗaya ya tsaya a baya, direba ya taka birki, ya kunna sigina ta dama da ta hagu. Remok marar fitila da dare tarko ne ga mai babur da ke biye.

Bayan an yi tafiyar kilomita kaɗan, a tsaya a sake duba igiyoyi. A kai hannu kusa da tsakiyar ƙafa. Idan wurin ya yi zafi ƙwarai, boris na neman lalacewa.

A kan hanya

Sauri ya haifi nawa. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 kafin mutum ya ce "ɗaya". Idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya yakan ninka sau huɗu. Ga kuma nauyin remok yana turowa daga baya. Don haka mu rage gudu, mu bar rata mai yawa. Idan motar gabanmu ta wuce wani icce, mu ƙirga a hankali daga ɗaya zuwa biyar kafin mu iso wurin.

A wurin kwana a buɗe sosai, domin ƙafafun remok suna yanke kwana fiye da na mota. A gangara, kamar tuddan Adar wajen Keita da Buza, a sa ƙaramar giya tun daga sama, injin ya riƙe motar. Wanda ya zauna kan birki har ƙasa, birkinsa zai yi zafi ya daina kamawa. A hawa kuma a riƙa duban allurar zafin inji.

A kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Doso, Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram, manyan motoci ba su yankewa. Iskar da suke turowa idan sun gitta, da iskar hunturu mai bugowa daga gefe, suna iya sa remok ya fara rawa. Idan haka ta faru, kada a firgita. Kada a taka birki da ƙarfi, kada a ƙara wuta, kada a yi ta murza sitiyari. A ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali, a riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, har gudu ya ragu rawar ta lafa. Sannan a sami wuri a tsaya, a matso da kaya gaba.

Wajen yin ribas, a sa hannu a ƙasan sitiyari. Inda hannun ya nufa, nan bayan remok zai nufa. A yi a hankali, a sa mutum ya tsaya inda direba ke ganinsa ta madubi, a kori yara daga wurin. Wanda bai saba ba ya fara koyo a fili, babu kaya.

Idan tsautsayi ya auku, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. A danne wurin da jini ke zuba da tsumma mai tsabta. Wanda ke kukan wuya ko baya, kada a ja shi, kada a lanƙwasa shi.

Sau da yawa mai kaya ne ke matsa wa direba ya ƙara buhu biyu don a huta da dawowa. Mu daure mu yi sawu biyu. Kuɗin mai na sawu na biyu bai kai kuɗin asibiti ba, bai kai asarar noman shekara ba. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa direban garinsu da shugabannin ƙungiyarsu. Allah ya kiyaye hanya, ya sa mu ci amfanin guminmu lafiya.