Faɗakar da maharbi a kan nisan da ya kamata ya yi harbi daga gare shi

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore mana dabbobin tudu da na ruwa, ya halatta mana farautarsu bisa sharaɗi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa da wanda ya bi su har ranar sakamako.

Bayan haka. Waɗansu daga cikin almajirai, Allah ya buɗa musu, sun tambaye ni hukuncin maharbin da ya hango dabba can nesa, inda ba ya iya rarrabe kafaɗarta da cikinta, ya ɗaga bindiga ya sakar mata wuta, yana cewa in ta faɗi rabona ce, in ta gudu ba rabona ba ce. Shin ana cin abin da ya kashe? Kuma shin akwai laifi a kansa in bai kashe ba? Sai na amsa musu da wannan 'yar takarda, domin mas'alar ta yawaita a fadamun Haɗeja, tun daga Auyo har Kirikasamma da Guri, musamman lokacin ɗari, sa'ad da ruwa ya soma janyewa tsuntsaye suka taru.

Fasali. Ka sani, ya ɗan'uwa, malaman farko ba su yi magana a kan bindiga ba, domin ba su riske ta ba. Abin da suka sani shi ne dunƙulen yumɓu da ake busarwa a harba, kuma sun hana cin abin da ya kashe, saboda yana kashewa da nauyin duka ne, ba ya hudawa. Asalin wannan shi ne hadisin Adiyyu ɗan Hatimu, Allah ya yarda da shi, da ya yi tambaya a kan mi'iradi, wato sanda mai tsini a kai, aka halatta masa abin da tsinin ya huda, aka hana shi abin da jikin sandar ya buge ya mutu. Da albarushi ya bayyana sai malaman baya suka saɓa. Wasu suka hana, suka yi ƙiyasin dalma a kan yumɓu. Wasu suka halatta, daga cikinsu akwai Ibnu Gazi da Shehu Abdulƙadir Alfasi wanda ya rasu a shekara ta 1091 ta Hijira, kuma Shehu Dardiri ya kawo halaccin a sharhinsa na Muhtasar, Dasuƙi ya yi bayanin saɓanin a hashiyarsa. Hujjar masu halattawa ita ce dalma tana huda fata, tana zubar da jini, tana gaggauta kashewa, abin da aka shar'anta yanka dominsa ke nan.

To, riƙe wannan illa da kyau, domin a kanta dukan zancenmu ya hau. An halatta dalma don hudawa da saurin kashewa. Ita kuwa dalma ba ta da wannan ƙarfi a kowane nisa. Tana fita bakin bindiga da zafinta, iska tana rage mata gudu taku bayan taku, har ta kai inda ba ta fi tsakuwa ba. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana jifa da tsakuwa tsakanin yatsu, kamar yadda Abdullahi ɗan Mugaffal ya ruwaito, aka kuwa bayyana dalili: ba ta kashe abin farauta, sai dai ta karya haƙori ta tsone ido. Wanda ya harbi garken dinya daga inda ƙwayoyin dalmarsa suka riga suka gaji, ni ban ga bambancinsa da mai tsakuwan nan ba, sai dai ƙara da hayaƙi.

Fasali a kan bindigogi da iyakar kowace. Mita ɗaya kamar kamu biyu ce, a kan wannan za mu auna. Bindigar toka da maƙeranmu ke ƙerawa, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, cikin bututunta sumul yake, dunƙulen dalma yana fita yana kaɗawa, bayan mita 50 mai ita fata kawai yake yi. Bindigar tsuntsu mai harsashi cike da ƙananan ƙwayoyi kuwa, ƙwayoyin suna fita a dunƙule sa'an nan su watse kamar an sheƙa gero, iyakar amfaninta mita 35 zuwa 40, ga babban tsuntsu mai kaurin gashi kamar dinya ma ƙasa da haka. A ƙasar Danmak, cikin shekarun 1990, masu bincike sun kama dinyoyi irin na ƙasarsu da rai suka haska su da na'urar hoton ƙashi, suka tarar kusan ɗaya cikin uku na manyansu tana yawo da dalma a jikinta. Sai aka ja hankalin maharbansu kada su harbi dinya daga nisan da ya wuce mita 25, masu raunin kuwa suka ragu ƙwarai. Dubi wannan. Mutanen da ba su karanta Risala ba sun kai ga abin da ke cikinta ta hanyar ƙidaya.

Ta uku ita ce wadda ake kira raifil, mai tsaga a murɗe cikin bututunta, wadda ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar mazari, don haka ya miƙe. Irinta sojojin Ingila suka zo da ita Haɗeja a shekara ta 1906, ranar da Sarki Muhammadu ya yi shahada, Allah ya jiƙansa, mutanen garin nan ba su bukatar a faɗa musu nisan da take kaiwa. A kanta ruɗin ya fi yawa, balle in an ɗora mata madubin hangen nesa, domin madubin yana kusanto da dabba ga ido, ba ya kusanto da ita ga harsashi.

Ga yadda abin yake. Harsashinta yana fita da gudun kamar mita 800 a daƙiƙa ɗaya, amma tun daga fitarsa ƙasa take jansa, kamar yadda take jan duk abin da aka saki. A mita 100 yana sauka kamar faɗin yatsu huɗu. A mita 300 ya kusa kamu biyu. A mita 500 ya wuce mita 2, ya ɗara tsawon mutum. Ka ga saukar ba daidai da nisan take ƙaruwa ba, ninkawa take yi, saboda haka wanda ya yi kuskuren ƙiyasta nisa da taku hamsin a can nesa, harsashinsa ya bar ƙirji ya sami ƙafa. Ƙiyasta nisa kuwa a fadama abu ne mai wuya, domin shimfiɗaɗɗiya ce, ba itace ba dutse da ido zai kama, da safe ga hazo, da rana ga kawalwalniya tana rawa da surar dabba. Sa'an nan ga iska. Iskar hunturu matsakaiciya da ke bugowa daga gefe tana iya ture harsashi kamu guda a mita 500, kuma iskar da ke inda kake tsaye ba lalle ita ce a tsakiyar hanya ba. Sa'an nan ga lokaci, domin harsashin yana ɗaukar kusan sulusi biyu na daƙiƙa ko fiye kafin ya isa, barewa kuwa in ta ɗaga ƙafa ta yi taku ɗaya cikin wannan lokaci, abin da ka auna a zuciya ya sauka a tumbi. Bindiga mai kyau ƙwarai, in an kafe ta a kan abin da ba ya motsi, tana tara harsasanta cikin faɗin santimita 3 a mita 100, a mita 500 su bazu zuwa 15 ko fiye. Wannan tun hannun mutum bai yi rawa ba, tun numfashinsa bai shiga ba. Wurin zuciya da huhun barewa kuwa bai wuce taƙi ɗaya ba.

Mas'ala. Malamanmu sun ƙidaya makasa biyar: yanke lakar gadon baya, da zubar ƙwaƙwalwa, da zubar kayan ciki, da tsinke jijiyar wuya, da hujin hanji. Dabbar dawa da harbi ya sami ɗaya daga waɗannan, harbin ya zama yankanta, in ka tarar da sauran rai a jikinta mustahabbi ne ka sa mata wuƙa. In kuwa bai sami makasa ba, wajibi ne ka bi ta da gaggawa ka yanka, in ka yi sanyin jiki ta mutu, mushe ce. A nan akwai abin lura. Hujin hanji makasa ce a hukunci, amma dabbar da aka huda wa hanji ba ta faɗuwa nan take. Tana iya wuni tana jan jiki, ta kutsa cikin kacala, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwanmu, inda ko kare ba ya iya bin ta. In ta kwana ba ka gan ta ba, ka tsince ta da safe matacciya, mashhurin mazhaba ba a ci, ko da yake mai Risala ya kawo ƙaulin da ya yi sauƙi ga wadda aka sami kibiya a makasarta. Ka yi asarar harsashi, ka yi asarar nama, ita kuma ta kwana cikin azaba.

Mas'ala ta ruwa, ita ce ta fi shafarmu. Kirinjijiya ko kwarwa da aka harba tana tashi ta faɗa tafki ta mutu, ba a sani ba dalma ce ta kashe ta ko ruwa, ba a cinta, sai in an tabbata dalmar ta sami makasa kafin faɗawar. Da shakka ba ya halatta nama. Wanda ya yi harbi daga kusa yana ganin inda ya samu, yana kuma iya tura kwalekwale ya riske ta da rai. Na nesa ba shi da ko ɗaya cikin biyun nan. Haka nan sharaɗi ne ka san abin da kake harbi, ka yi niyya, ka ambaci sunan Allah sa'ad da kake jan kunama. In ka hango baƙin abu cikin hazo ka zaci gadu ne, ka harba, sai ka tarar gada ce, ba ta ciyuwa, domin ka harbe ta kana zaton haram ce.

In ka ce, ai Halilu ya yi togiya, wanda ya tabbata ko ya yi sauri ba zai riski dabbar da rai ba, jinkirinsa ba ya haramta ta, ashe mai harbin nesa yana da uzuri ke nan. Sai mu ce, wannan zance ne a kan halaccin nama bayan abin ya auku, tambayarmu kuwa a kan ɗaga bindigar ne tun farko, kuma babu lizimci tsakanin biyun. Hadisin Shaddadu ɗan Ausi da yaranmu ke haddacewa cikin Arba'una ya wajabta kyautatawa har a wajen kisa da yanka, da wasa wuƙa, da hutar da abin yanka. Wanda aka umurta da wasa wuƙarsa don dabbar da ke ɗaure a gabansa, ina zai sami izinin harbin da shi kansa ya san yiwuwar raunatawa ta fi ta kashewa? Wanda kuma ya harba don ya gwada nisan bindigarsa, ko don a yi zancensa a dandali, nasa ya fi muni. Farauta don wasa makaruhi ce, farautar abin da ake ci ba da niyyar yanka ba haram ce. Ibnu Umar, Allah ya yarda da su, ya taɓa iske samarin Ƙuraishawa sun kafa tsuntsu suna gwada harbi a kansa, da suka gan shi suka watse, ya sanar da su cewa Manzon Allah ya la'anci mai yin haka da abu mai rai.

Shari'a ba ta yanka adadin taku ba, domin bindigogi sun bambanta, idanu da hannaye sun bambanta. Abin da nake gani shi ne kowane maharbi ya nemi iyakarsa a kan abin da ba shi da rai. Ya kafa faifai mai faɗin taƙi ɗaya a gindin jigawa, inda yashi zai tare harsashi, ya harba a irin tsayuwa ko durƙuson da yake yi a daji, ranar iska da ranar da babu. Nisan da yake samun faifan tara cikin goma, nan ne iyakarsa, in hazo ya sauka ko rana ta yi gora ya rage. Tsofaffin maharba masu kwari da baka, mutanen Sarkin Baka, gwanintarsu duka a sanɗa take, su bi ta ƙarƙashin iska har su ji tukar dabba, ba a taɓa yi wa ɗayansu kirari da nisan harbi ba.

Faɗakarwa. Harsashin raifil da ya kuskure yana iya tafiyar fiye da kilomita 3, kuma in ya taɓa fuskar ruwa a kwance yana tsalle ya sake hanya, kamar tsakuwar da yara ke wurgawa a kogi. Fadama kuwa ba kango ba ce. Bayan ciyawar da kake gani akwai masunci cikin kwalekwalensa, da Bafillace da shanunsa, da mai girbin shinkafa a sunkuye. In ya sami saniya, biyan kimarta yana kanka daga dukiyarka, domin ganganci da kuskure ɗaya ne a dukiyar mutane. In ya sami mutum, Allah ya tsare, diyya ta hau kan danginka, kaffarar azumin wata biyu a jere ta hau kanka kai kaɗai. Kada kuma ka manta dajin Baturiya keɓaɓɓe ne, hukuma ta hana farauta a cikinsa, an shigar da shi cikin dausayoyin duniya da ake kiyayewa a shekara ta 2008, kuma dokar bindigogi ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba da izini ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 malalar ruwan ta canja, wuraren kiwon namun dawa suka ƙuntata, hanin hukuma a nan maslaha ce bayyananna, binsa wajibi ne.

Saura abu ɗaya da maharba ke gafala da shi. Wuƙarka ta kasance a ɗamararka ko a hannunka. In ka bar ta cikin burgami a bayan keke, ko a hannun yaron da ke biye da kai, dabbar da ba a sami makasarta ba ta mutu kana neman wuƙa, ba a cinta.

Ya cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin da babu annabi bayansa.