Kalmomin Gwajin Murar Tsuntsaye a Hausa: Abin da 'Yan-garkuwa Ke Kamawa

1.0 Gabatarwa

A unguwar Ƙetaren Gwari ta Minna, inda Bagwari da Banufe da Bahaushe kan yi ciniki da Hausa, idan kaji suka fara mutuwa sai a ce mura ce. Ita dai kalmar "mura" ta haɗa atishawar sanyi da annoba irin marisuwa ta 1918, kamar yadda "ƙwayar cuta" ta haɗa bakteriya da bairos. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake gano bairos ɗin mura a ɗakin gwaji, da kalmomin da suka dace da bayanin.

2.0 Tushen Matsalar

A watan Janairu na 2006 kaji suka yi ta mutuwa a wata gona da ke Jaji, Jihar Kaduna. A watan Fabrairu wani ɗakin gwaji a Faduwa ta Italiya ya tabbatar da cewa nau'in H5N1 ne, karo na farko ke nan a Afirka. Cikin watan kuma aka same shi a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. Da ido ba a iya rarrabe wannan cuta da annobar kaji ta Niyukasil, alhali hukuncinsu ya bambanta: murar tsuntsaye kan jawo a hallaka garken duka, kuma tana iya kama mutum.

3.0 Ginin Bairos

Bairos ɗin mura yana da riga da kuma ciki. A jikin rigar akwai furotin iri biyu, H da N, waɗanda daga gare su ake samun sunaye irin H5N1 da H1N1. Waɗannan kullum cikin sauya kama suke, shi ya sa ake sabunta allurar rigakafin mura kowace shekara. A ciki kuwa akwai furotin na gini: M1 da ke shimfiɗe ƙarƙashin rigar, da NP da ke naɗe da ɓangarori 8 na sinadarin gadon bairos ɗin. Su ba su cika sauyawa ba, kuma da su ake raba mura zuwa rukunin A da B. Saboda haka mai neman tabbacin ko akwai mura, ko wane nau'i ce, furotin na ciki yake nema.

4.0 'Yan-garkuwa da Aikinsu

Idan baƙon abu ya shiga jiki, jini kan samar da wasu furotin masu maƙale masa, kowanne da abin da ya sani, kamar kuba da makullinta. A 1975, a Kambirij ta Ingila, Köhler da Milstein suka haɗa ƙwayar halittar ɓera mai samar da irin wannan furotin da ƙwayar sankara wadda ba ta daina hayayyafa, sai aka sami hanyar samar da iri ɗaya tak, mai yawa. Aikin ya jawo musu kyautar Nobel a 1984.

Irin wanda ya san NP ake shafawa a kan ɗan tsinken gwaji. A dangwalo majina daga maƙogwaron kaza, a narka a ruwan gwaji, a ɗiga. In da bairos, sai a kama NP ɗinsa, layi mai launi ya fito cikin kamar minti 15. Layin yana nuna rukunin A kawai. Bai ce H5N1 ba ne. Rashin layi kuma bai wanke garke ba, domin bairos kaɗan kan ɓuya. Tantance nau'i sai a manyan ɗakunan gwaji, irin na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Bom, Jihar Filato.

5.0 Zaɓen Kalma

An saba fassara sunan waɗannan furotin da "garkuwar jiki". Wannan ya dace da tsarin kariyar jiki gaba ɗaya, amma bai dace da abin da ke kan tsinken gwaji ba, tunda shi ba a jiki yake ba, kuma ba ya kare kowa. Mai kiwon da ya ji an kawo "garkuwa" zai ɗauka an yi wa kajinsa rigakafi, ya ci gaba da kai su kasuwa. Ya fi kyau a keɓe "garkuwar jiki" ga tsarin, a kira furotin ɗin "ɗan-garkuwa", jam'i "'yan-garkuwa", bisa tsarin "ɗan-sanda", na ɗakin gwaji kuma "ɗan-garkuwar gwaji". Haka nan a bambanta "furotin na riga" da "furotin na gini", da kuma "rukuni" da "nau'i".

6.0 Kammalawa

An ga cewa gwajin ya dogara ne kan bambancin da ke tsakanin riga mai sauyawa da ciki mai ɗorewa. Fassarar da ta shafe wannan bambanci za ta sa a ɗauki layin tsinke a matsayin hukuncin ƙarshe. Ya rage ga manazarta harshe da likitocin dabbobi su gwada waɗannan kalmomi a bakin masu kiwo, a ga waɗanda za su karɓu.