Tsingaro da gawayi sun wadatar wa mai kiwon kifi a Jibiya

Madatsar ruwan Jibiya, wadda aka gina a kan kogin Gada, tana ɗaukar ruwa har mita kubik miliyan 142. To amma mai kiwon tarwada a tankin siminti a bayan gidansa galibi da rijiya ko 'yan ga-ruwa yake dogara, saboda haka kowace jarka tana da lissafi. Wannan ne ya sa batun tace ruwan kifi a sake amfani da shi ya cancanci nazari.

Abin da ke kashe kifi a tanki ba ya ganuwa. Duk kilo ɗaya na abincin da aka zuba yakan bar kimanin giram 30 na amoniya a cikin ruwa, kuma dafinta yana ƙaruwa idan ruwa ya ɗumama, kamar yadda yake yi a watannin Afrilu da Mayu. Masu kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne da masanin Rasha, Sergei Winogradsky, ya bayyana aikinsu a 1890. Sukan mayar da amoniya wata gubar mai suna naitirayit, sannan su mayar da wannan ta koma naitiret mai sauƙin illa. Ba su da bukatar da ta wuce wurin maƙalewa da iska. Ke nan, mai karatu, matatar kifi gida ne kawai da ake gina wa waɗannan halittu.

'Yan ƙananan robobin Kaldnes da ake tallatawa, waɗanda aka ƙirƙiro a Norwe a ƙarshen shekarun 1980, suna da kyau ƙwarai. Sai dai garin da ya ga an rufe iyakarsa daga 2019 zuwa 2022, aka sake rufewa a 2023, bai bukatar a yi masa darasi a kan dogaro da kayan da sai sun tsallako. Tsingaron tukunyar ƙasa cike yake da ƙananan ramuka, kuma a ganina ya fi komai dacewa da mu. Tsakuwa tana aiki, illa dai nauyi da saurin toshewa. Murafun gorar ruwa da soson wanka na raga ba su da nauyi kuma ba su ruɓewa. Shi kuwa gawayi, ƙarfinsa na tsotse wari yakan ƙare cikin 'yan makonni, amma yana ci gaba da zama masaukin bakteriya. A zuba kowanne a ganga, ruwa ya riƙa ratsawa, a kuma yi haƙurin mako 4 zuwa 6 kafin a cika tankin da kifi. Kada a wanke su da ruwan famfo mai kulorin, domin yana hallaka ƙwayoyin. Ruwan tankin ya isa. Tarwada ma tana ruɗar mai ita, domin tana leƙowa ta shaƙi iska ko da ruwan ya ɓaci, alhali bakteriya ba su da wannan gata.

Inda ake yawan kuskure shi ne zaton matata tana cire naitiret. Ita ce ma ke samar da shi, kuma taruwa yake yi kullum har ya rage wa kifi ci da girma. Dole a riƙa rage ruwan ana ƙara sabo. Tambayar ita ce ina za a zubar? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 50 a lita ɗaya ga ruwan sha, saboda abin da ya wuce haka yana hana jinin jarirai ɗaukar iska. Ƙasar Jibiya rairayi ce, abin da aka malalar kusa da rijiya ba ya jimawa bai isa gare ta ba. Na kwarara zuwa kogin Gada kuwa ba ya tsayawa a shingen kwastan na Magama, sai Gulbin Maraɗi.

Alhali wannan naitiret taki ne, ɗan uwan wanda manomi ke bin layi ya saya. A karkata ruwan zuwa komin alayyafo, latas, albasa ko zogale, nesa da rijiyar sha. Ya kamata malaman gona na Jihar Katsina su haɗa masu tanki da masu lambu, su kuma tanadi 'yan takardun gwajin ruwa a kasuwar Jibiya, domin ido ba ya rarrabe ruwa mai miligiram 20 da mai 200.